Gwajin sinadaran haihuwa: a kula da ranar ɗibar jini

Ya Edita,

Muna roƙon fili mu ja hankalin ma'aikatan asibitocin karkarar Jigawa kan gwajin da ke auna sinadaran jiki masu sarrafa haihuwa, wato FSH, LH, estradiol, prolactin da progesterone, daga jini ɗaya. Na'urar tana iya auna su a tare, amma ba rana guda ce ta dace da auna su duka a jikin mace ba. FSH, LH da estradiol ana ɗibarsu tsakanin rana ta 2 zuwa ta 4 da fara al'ada. Progesterone kuwa sai saura kwana 7 wata al'adar ta zo, wato rana ta 21 ga wadda al'adarta ke zagayowa duk kwana 28 kaɗai. In aka haɗa su ranar da mace ta samu motar Dutse, sakamakon zai iya cewa ba ta fitar da ƙwai alhali tana fitarwa.

A tambaye ta ko tana shayarwa ko tana allurar tazarar haihuwa, domin shayarwa na ɗaga prolactin, allura kuma na danne LH.

Jinin da za a kai Kano a bar shi minti 30 ya daskare ya yi guda, a juya shi a na'urar da ke raba jini da ruwansa, a tsame ruwan, a sa cikin ƙanƙara. Zafin bayan mota na fasa jajayen ƙwayoyin jini, sakamako ya gurɓace.

Daga wasu ma'aikatan ɗakin gwaji, Ringim.