Rahoton Kwamitin Gyaran Ɗakin Cin Abinci na Sansaninmu na Hutun Yaran Yahudawa

Iyaye da tsofaffin 'yan sansani, muna sanar da ku cewa aikin ya kammala, an kuma ci abinci a ɗakin.

Kun san halin arewacin jihar Wisconsin ta Amurka. Dusar ƙanƙara ta yi shekaru tana danne rufin har ginshiƙai suka fara lanƙwasa, ruwa yana zuba ta kusurwar gabas. Da ƙanƙara ta narke bayan Idin Ƙetarewa ma'aikata suka shiga, da sharaɗin ajiye guduma daga faɗuwar rana ta Juma'a har Asabar, ranar hutunmu ta ibada, ta fita. An sauya rufi da wayoyin lantarki, an yi wa masu keken guragu hanya. Tagogi sun zo a makare, laifin namu ne, ba mu yi oda da wuri ba.

Kicin ya fi ba mu aiki. Dokar kosha, wato dokar abinci ta Yahudawa, ta hana haɗa nama da madara, don haka kowane ɓangare ya samu nasa wurin wanke-wanke da tukwane da ma'ajiya. Malaminmu ya duba komai kafin a kunna wuta.

An kawo shawarar a rushe a yi sabo. Mun ƙi, kuma ba mu yi nadama ba. Allunan katakon nan da kowane rukuni ke rubuta sunayensa da Ibrananci a ƙarshen hutu, ɗaya bayan ɗaya muka sauke su, muka goge, muka mayar kowanne a gurbinsa. Tun 1947 da aka buɗe na farko cikin sansanonin yaran Yahudawa masu suna Ramah a Conover, a jihar nan, sansanoni irin namu suka gane cewa abin da yaro ya rera da bakinsa yana zama nasa. Da yawa cikin yaranmu su kaɗai ne Yahudawa a ajinsu. A ɗakin nan kuwa, daren Juma'a, kowa cikin fararen kaya, ga burodin halla biyu, wato burodin Asabar, a kan tebur, ana gama ci a ɗau addu'ar godiya ana dukan tebur. Saboda bugun nan muka sa kafinta ya yi tebura masu kauri.

Ranar buɗewa aka kafa mezuza, 'yar akwati mai ɗauke da ayoyin Attaura, a dogarin ƙofa na dama. Ƙaramar yarinyar sansanin ce ta riƙe ta, tana tsaye a kan benci.

Saura fentin bangon baya. Wanda zai iya zuwa da buroshi ya sanar da ofis.