Godiya ga Garejin da ya Gano Ciwon Motata a Jos

Assalamu alaikum. Zuwa ga maigidan garejin duba mota da kwamfuta da ke kan hanyar Zariya a Jos, da yaransa baki ɗaya.

Na zaɓi in yi muku godiya a bainar jama'a ne domin "Allah ya saka da alheri" da na faɗa a bakin ƙofa bai ishe ni ba.

Motata Corolla ce ƙirar 2005, ta kwana biyu amma ba ta gaji ba. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kowa ya koma lissafin lita, ita kuwa sai a lokacin ta ga damar buɗe maƙogwaro. Man da a da yake kai ni Bukuru in dawo har in ɗauko yara daga makaranta, ya koma ba ya zuwa ko'ina. Da safe salansa na aman baƙin hayaƙi, warin ɗanyen fetur har cikin gida, ga wutar gargaɗin inji a kunne dare da rana.

Na sha yawon gareji. Wannan ya ce filogi ne, aka canza. Wancan ya ce nozul, aka wanke. Wani ya rantse famfon mai ne, na saya aka ɗaura, mota na nan jiya i yau. Wanda ya fi ɗaure mini kai shi ne mai cewa in bari ya cire ƙwan wutar gargaɗin, wai "don hankalinka ya kwanta, Alhaji". Kowa kunne yake karawa a inji ya yanke hukunci, kuɗin canki-cankinsa kuma daga aljihuna.

A wajenku wani saurayi ne ya karɓe ni, siriri, mara yawan magana. Sai da ya gama tambayata tarihin motar kafin ya taɓa sifana. Ya jona na'urarsa a wata kafa da ke ƙarƙashin sitiyari, ya ce tun 1996 duk motar da aka sayar a Amurka tana da irinta. Lambobin matsala biyu suka fito, P0135 da P0128. Bai tsaya nan ba, ya bar injin yana aiki, ya juyo mini da allon ina kallon zafin ruwa yana hawa da ƙyar, ya maƙale.

"Baba, wa ya cire maka tamostat?" Tamostat ita ce abin da ke tsare ruwan inji har ya yi zafi kafin ya wuce lagireto. Ya kwance gidanta, wayam. Fanka kuma an haɗa ta kai tsaye, da an murɗa makulli ta tashi. Ya yi mini bayani da Hausar da zan gane: muddin inji bai yi zafi ba, ƙwaƙwalwar mota ƙara masa mai take yi, kamar cok a motocin da. Zafin da yake so wajen digiri 80 zuwa 90 ne. To a Jos, da muke sama da mita 1,200 daga teku, ga sanyin hunturu, motar da ba tamostat kuma fanka na kaɗawa tun asuba, yaushe za ta yi zafi? Wannan ita ce matsalar da P0128 ke nunawa. Ɗaya lambar, P0135, ta sensar iskar oksijin ce da ke jikin bututun hayaƙi, mai gaya wa ƙwaƙwalwa ko mai ya yi yawa. Wayar da ke ɗumama ta ita ce ta ƙone.

Abin da ya sa na rubuta wasiƙar nan shi ne wata sensa daban, mai auna iskar da ke shiga inji. Na riga na shirya kuɗinta, don an ce mini ta mutu. Ya ciro ta, ya fesa mata maganin wanki, ƙura ta fita, ya gwada, ya ce, "Baba, lafiyarta ƙalau, ka riƙe kuɗinka." Na daɗe ban ji wannan magana daga bakin bakanike ba. Tsohuwar sensar oksijin da ya canza kuwa a leda ya miƙo mini.

An sa tamostat, an mayar da fanka yadda kamfani ya yi ta, wuta ta mutu da kanta, hayaƙi ya ɗauke. Yanzu allurar mai ta daina gudu.

Ni dai ban san wanda ya koya wa masu gyaranmu cewa tamostat kayan ƙasar Turawa ce ba. Mota ta ɗan yi zafi, maimakon a duba lagireto ko famfon ruwa, sai a fizge ta a jefar, ba a ma gaya wa mai mota. Wasu kuma ka bar musu mota ka tafi masallaci, kafin ka dawo sun farke salansa sun kwashe abin tace hayaƙin da suke kira indomi, sun sayar. Na'urar ma yanzu ta yi yawa a gari, amma da yawa lamba kawai suke gogewa su karɓi kuɗi, ka hau titi wuta ta dawo. Ya kamata ƙungiyoyin makanikai su dubi wannan, domin da tsadar man nan mu ne muke biya.

Maigida, ka riƙe yaron nan da kyau. Allah ya ƙara buɗi, ya yi wa sana'a albarka.

Naku,
Wani mai tsohuwar Corolla daga Unguwar Rogo, Jos