Sadaka Bulus Ya Ce, Ko Ƙauna?

Malam Edita,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ni mai sauraren shirin wa'azin da kuke sa mana ne kowace Lahadi da yamma. A makon jiya mai wa'azin ya karanta 1 Korintiyawa sura 13 daga tsohuwar fassarar Littafi Mai Tsarki ta Turanci, wato King James, wadda aka buga a 1611. Shi kuwa tafinta, duk inda ya ji "charity" sai ya ce "sadaka". Tsohuwata tana gefen rediyo tana tsince shinkafa, sai ta ɗago kai ta ce, "Wai wane littafi suke karantawa?" Tun tana yarinya ta haddace surar nan da Hausa, kuma "ƙauna" ta sani.

Ban ga laifin tafintan sosai ba, domin a Turancin yau kalmar ta koma nufin taimakon mabukata. Amma da ya tsaya a aya ta 3, da ya gane akwai matsala. A can Manzo Bulus, marubucin 1 Korintiyawa, yake cewa ko mutum ya rabar da dukan dukiyarsa don ciyar da matalauta, in ba shi da wannan abin, bai amfana da komai ba. To, wanda ya rabar da duk abin hannunsa, yaya za a ce ba shi da sadaka?

Da Helenanci Bulus ya rubuta, kalmarsa kuma "agape" ce. Fassarar Latin ta ce "caritas", daga nan ta bi ta Faransanci ta shiga bakin Turawan Ingila da ma'anar ƙaunar da Kirista yake yi wa ɗan'uwansa. Gardamar ma ba ta yau ba ce. Da William Tyndale ya fitar da Sabon Alkawari da Turanci a 1526, "love" ya sa, Thomas More kuwa, wani babban jami'in gwamnatin Ingila ɗan Katolika, ya yi masa ca a kan haka. Masu fassarar 1611 suka koma wa "charity" a wannan sura, alhali a 1 Yohanna 4:8, inda aka ce Allah ƙauna ne, "love" suka rubuta, kuma kalmar Helenancin guda ce.

Roƙona shi ne tafinta ya riƙa buɗe Littafi Mai Tsarki na Hausa a gabansa kafin a fara ɗaukar shirin. Ina tsoron ranar da za a kai Markus 10:14, inda tsohon Turancin ya ce "suffer" da nufin a bar yara ƙanana su zo wurin Yesu, mu ji an ce a wahalar da su.

Naku,
Mai sauraro daga Kafanchan