Kafin a yi wa ciyawar gida feshi, a nemo inda ƙwarin suke

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ɗan fili a jaridarka domin mu yi magana a kan wasu 'yan mitsi-mitsin ƙwari jajaye da ke ɓuya cikin ciyawar da ake shukawa a gida, waɗanda ake kira ciga. Kada a haɗa su da jiga mai shiga cikin fatar ƙafa ta yi ƙwai. Ciga dangin kaska ce da gizo-gizo, kuma 'ya'yanta ne kawai ke cizo, lokacin suna da ƙafa 6 kuma girmansu bai kai rabin milimita ba. Manyan, masu ƙafa 8, a ƙasa suke zaune suna cin ƙwayayen wasu ƙwari, ba ruwansu da mutum.

Abin da ke damunmu shi ne, da zarar yara sun fara soshe-soshe sai mai gida ya ɗauko famfon feshi ya jiƙe filin gaba ɗaya da magani. Asara ce, kuma tana kashe ƙudan zuma da sauran ƙwari masu amfani. Waɗannan ƙwari ba sa bazuwa ko'ina. Dandazo suke yi a wuri mai inuwa da danshi: gindin katanga, ƙarƙashin shuke-shuke masu duhuwa, inda busassun ganye suka taru, bakin famfon da ke ɗiga. Taku biyu daga nan sai ka tarar babu ko ɗaya.

Don haka aikin farko shi ne gano matattararsu. A yanko baƙin kwali mai faɗin kamar santimita 15, a kafa shi a tsaye cikin ciyawa, a jira 'yan mintuna. Idan suna wurin za a ga ɗige-ɗige ja ko ruwan ɗorawa suna hawa da sauri, suna taruwa a bakin kwalin na sama. A gwada wurare goma ko fiye, a kafa tsinke a duk inda aka gan su. A yi gwajin da ɗumi, domin sun fi kuzari idan zafin ƙasa ya kai digiri 25 zuwa 30 a ma'aunin Salshiyos. In ya sauka ƙasa da 16 sai su lafa, kwalin ya nuna babu komai alhali suna nan.

Bushewa ce ke kashe su, shi ya sa gyaran wuri ya fi magani aiki. A riƙa yanke ciyawa akai-akai, amma kada a cire fiye da kashi ɗaya cikin uku na tsawonta a yanka guda, in ba haka ba rana ta ƙone ta. A kwashe abin da aka yanke, a share ganye, a sassabe rassan da suka hana rana da iska isa ƙasa. Ban ruwa kuwa a yi shi da sassafe, a ƙosar da ƙasa sau ɗaya ko biyu a mako. Yayyafin kowace yamma shi ke sa gindin ciyawa ya kwana a jiƙe, kuma abin da ƙwarin ke so ke nan. Sai kuma masu ɗauko su: ɓeraye, ƙadangaru, tsuntsaye da zomaye. Tulin itace, tarkace da kwandon shara marar murfi su ke jawo ɓera, kuma muddin ɓera na kai-komo, ko an yi feshi za su dawo.

Idan an yi duk wannan har yanzu kwali na nuna su, to sai magani, a wuraren da aka yi wa alama kaɗai. Masu ɗauke da sinadarin bifentirin ko fametirin suna aiki. Na ruwa ya fi na tsaba, saboda ƙwarin a jikin ganye suke jiran mai wucewa. A yanke ciyawa tukuna, a haɗa maganin daidai da awon da ke jikin kwalba, a fesa har kan ƙananan shuke-shuken gefe zuwa tsayin gwiwa ko ƙugu. Ninka awo ba ya ƙara komai sai haɗari. A zaɓi ranar da babu iska kuma ba a sa ran ruwan sama, a kauce wa furanni, a hana yara da dabbobi shiga sai wurin ya bushe sarai. Fametirin guba ne ga kyanwa da kifi, kada ya kusanci kududdufi ko magudana. Bayan mako 2 zuwa 3 a sake kafa kwali, domin ƙwayayen da ke ƙasa za su ƙyanƙyashe, kuma a nan ne mutane da yawa ke cewa maganin jabu ne.

Mai aikin ya sa dogon wando ya cusa ƙafar wandon cikin safa, ya shafa maganin korar ƙwari mai ɗauke da sinadarin DEET a idon sawu. Da ya gama ya yi wanka da sabulu yana cuɗawa sosai, a wanke tufafin da ruwan zafi. Ƙwarin ba sa shan jini, ba sa kuma nutsewa cikin fata. Yawu suke zubawa ya narkar da ita su tsotse, galibi inda tufa ta matse: bakin safa, ƙugu, bayan gwiwa, hammata. Ƙaiƙayin sai bayan wasu sa'o'i yake tashi, ya tsananta a kwana ɗaya zuwa biyu, wani lokaci ya kai mako biyu. Shafa jan farce a kan ƙurjin don a shaƙe ƙwaron ba shi da amfani, tun tuni ya faɗi. Man kalamin ko tsumma mai sanyi na rage ƙaiƙayi. Idan wurin ya kumbura, ya yi mugunya, ko zazzaɓi ya biyo baya, a garzaya wurin likita, musamman ga wanda ya dawo daga ƙasashen Asiya, inda wasu nau'o'in ƙwarin ke yaɗa wani irin zazzaɓin taifus.

Wassalam,
Wasu masu aikin kula da lambuna