Mai ciwon sukari ya duba ludayi da malmala kafin ya zargi magani

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon fili a jaridarka domin mu yi magana da masu ciwon sukari na Maraɗi da kewaye, da kuma matan da ke girka musu abinci, tunda rabin jinyar wannan ciwo a madafa ake yin ta. Maganarmu a kan nau'i na biyu ce, wanda ya fi kama manya. Na yara da ba sa rayuwa sai da allurar insulin, wannan hukuncinsa daban.

Da an ce wa mutum yana da diyabet, wato ciwon sukari, abin da yake fara yi shi ne daina jefa sukari a shayi. Madalla, amma ba a nan gizo ke saƙa ba. Za ka ji Alhaji yana rantsuwa wata uku rabonsa da sukari, alhali da rana ya shanye ƙwaryar fura, da dare ya tashi da malmala uku, sannan ya ce maganin likita ne ba ya aiki. Hatsi, dawa, masara, shinkafa, taliya, burodi, rogo da dankali, duk ciki narkar da su yake yi ya mayar da su sukari ya tura cikin jini, ko da harshe bai ji zaƙi ba. Kofi ɗaya na dafaffiyar shinkafa yana ba jiki kimanin giram 45 na sukari, ƙwayar sukari ɗaya ta kwali kuwa wajen giram 5 ce. Burodi ma rabin nauyinsa sukari yake komawa. Shi ya sa masu kashe kuɗi wajen neman alkama ko acca suna cika kwano da su suke ganin an gudu ba a tsira ba.

Ba mu ce a bar tuwo ba. A auna shi. Malmala ɗaya daidai dunƙulen hannun mai ci, ita ce kashi ɗaya cikin huɗu na faranti. Wani kashin ya zama wake, kifi, ƙwai, awara ko nama marar kitse. Sauran rabin farantin ganye ne: kwaɗon zogale, rama, tafasa, kabeji, salak, yalo, da miyar kuka ko kuɓewa ko yakuwa mai yawa. A fara da ganyen, domin yana rage saurin shigar sukari cikin jini kuma yana tare wuri a ciki. In shinkafa da wake aka dafa, a juya lissafin da aka saba, wake ya rinjayi shinkafa. Mai ciwon nan kuma a zuba masa nasa daban. Wanda ke sa hannu a tire ɗaya da mutum biyar ba zai taɓa sanin loma nawa ya kai baki ba, kuma wannan ba wariya ba ce, awo ne.

Fura ita ce babbar magana a ƙasar nan, don mutane da yawa ita ce abincinsu na rana. An surfe hatsin an fitar da dusa, an daka, an dafa, an kirɓa, an dama. Duk aikin da ciki zai yi a hankali turmi ya riga ya yi masa, saboda haka tana shiga jini da sauri, ga ta da saukin wucewa a maƙogwaro har mutum bai san ya sha da yawa ba. Wanda ba zai iya rabuwa da ita ba ya raba curin biyu ya dama rabi, ya yawaita nono, kada a sa sukari ko zuma, ya ƙirga ludayinsa ya tashi. Abin da ya fi ɓarna shi ne a ajiye ƙwarya a gefe ana kurɓa daga azahar har la'asar, sukarin jini bai samu sararin sauka ba. Koko da kunun da aka tace su ma haka suke. In za a sha da safe, ƙaramin kofi ya isa, a haɗa da ƙosai biyu ko dafaffen ƙwai.

Abin sha mai zaƙi kam babu sassauci a kansa. Gwangwanin lemun kwalba na santilita 33 yana ɗauke da kimanin giram 35 na sukari, wato ƙwaya bakwai. Zoɓo da kunun aya na ƙullin leda, lemun malta da ake kai wa marar lafiya wai don ƙarin jini, madarar gwangwani mai kauri da mai shayi ke tsiyayawa wadda kusan rabinta sukari ne, duk layinsu ɗaya. Zuma ma kusan kashi 80 cikin ɗari sukari ce. Lokacin mangwaro kuwa awon mutane da yawa ke haukacewa: ƙarami ɗaya ko rabin babba a rana, a ci shi haka nan a hannu, kada a matse shi a sha.

Sai batun ƙiba, inda al'adarmu ke yaƙi da mu. Tumbi a wurinmu alamar hutu ce, mace kuma in ta rame sai dangi su fara tambayar ko lafiya take zaune da mijinta. To kitsen da ya taru a ciki, musamman a hanta da gaɓar da ke samar da insulin, shi ke hana insulin aikinsa na shigar da sukari cikin tsoka. A sa tef ɗin tela a auna ciki ta wajen cibiya: namiji ya wuce santimita 94, mace ta wuce 80, akwai aiki. Rage kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na nauyi yana sauke sukari da hawan jini a fili, wato mai kilo 90 ya zubar da kilo 5 zuwa 9. Wani bincike da aka yi a Birtaniya, wanda sakamakonsa ya fito a 2017, ya nuna kusan rabin waɗanda aka sa wa tsarin rage nauyi sukarinsu ya koma daidai ba tare da magani ba bayan shekara guda, a cikin waɗanda suka rage kilo 15 ko fiye kuwa kashi 86 cikin ɗari ne. Dukkansu ba su wuce shekara shida da ciwon ba, kuma ƙarƙashin kulawar likitoci aka yi. Ciwon lafawa yake yi, in ƙibar ta dawo shi ma ya dawo.

Rabin kilo a mako ya wadatar. Hanya mafi sauƙi ita ce a kama hannu wajen mai: babban cokali ɗaya yana da kalori (ma'aunin kuzarin abinci) wajen 120, don haka a riƙa auna shi da cokali a daina tuttulawa daga kwalba. Gyaɗa da ƙuli-ƙuli ba sa tayar da sukari sosai, amma cikin tafin hannu ɗaya ya isa. Matan da ke shan ƙwayoyin sa ƙiba su sani da yawansu suna ɗauke da sinadarin da ke tayar da sukarin jini kai tsaye. Akwai kuma ramar da ba ta alheri ba: mutum yana ci yana zubewa, ga ƙishirwa, ga yawan fitsarin dare. Wannan sukari ne ya fi ƙarfin jiki, asibiti ya kamata a nufa. Wanda dama siriri ne shi ma kada ya horar da kansa da yunwa.

Motsa jiki ba sai an sayi kayan wasanni ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce minti 150 a mako, wato minti 30 sau biyar, tafiya mai ɗan sauri wadda za ka iya magana a cikinta amma numfashi ya ɗaga. Kada a yi kwana biyu a jere ba a motsa ba, domin amfanin ba ya daɗewa a jiki. A zafin Afrilu da Mayu a yi ta bayan asuba ko bayan magariba, da gorar ruwa a hannu. Tafiyar minti goma zuwa sha biyar bayan cin abinci tana da tasiri na musamman, saboda tsokar da ke aiki tana zuƙe sukarin da ya shigo. Ɗan kasuwar da ke wuni a kan tabarmar shago ya sauka daga kabu-kabu tun da sauran tafiya, ya kuma miƙe duk rabin awa. Matar da ba ta fita ta zagaya tsakar gida, daka da shara ma aiki ne. A sa takalmi rufaffe, a girgiza shi kafin a sa, a duba tafin ƙafa da tsakanin yatsu kowane dare, don ciwon yana kashe jin zafi har ƙaya ta shiga ba a sani ba, kuma daga irin wannan ƙaramin miki ake kaiwa ga yanke ƙafa.

Hatsarin da ya kamata kowa ya sani: wanda ke allurar insulin ko shan ƙwayar maganin sukari ta gilibenkilamid, in ya rage abinci ya ƙara tafiya, sukarinsa na iya faɗuwa ƙasa da giram 0.70 a lita. Alamunsa rawar jiki, zufa mai sanyi, jiri, bugun zuciya, rikicewar magana. Nan take ya tsotsi ƙwayar sukari uku, ya jira minti 15, in bai dawo daidai ba ya ƙara, sannan ya ci abinci. In ya suma kada a ɗura masa komai a baki, a garzaya da shi asibiti. Maganin sukari na metformin shi kaɗai da wuya ya jawo haka. Saboda wannan ne muke cewa a sanar da likita kafin a sauya cima ko a ɗauki azumin Ramadan, shi zai rage magani in ya ga dama ta samu. Jiƙon ɗaci na dogon yaro ko maɗaci da ake sha a ajiye ƙwaya, ɗacinsa a harshe yake tsayawa, kuma wanda ba a san awonsa ba yana iya taɓa ƙoda da hanta.

Awo ne alƙali. Da safe kafin a ci komai ana son sukarin jini ya zama giram 0.80 zuwa 1.30 a lita, awa biyu bayan cin abinci kuma ƙasa da 1.80. Mai na'urar awo a gida ya gwada kansa awa biyu bayan fura yau, gobe bayan tuwo da miyar kuka, ya rubuta a littafi tare da ranar da adadin ludayi ko malmala. Ya riƙe littafin nan duk ranar da zai je ganin likita, tare da kwalayen magungunan da yake sha.

Wassalam,
Wasu ma'aikatan lafiya, Maraɗi