Ni matar soja ce, ga dalilin da yasa na cire yarana daga makaranta

Edita, assalamu alaikum, da fatan kuna lafiya da ku da ma'aikatanku. Na dade ina so in rubuto muku amma hidimar yara bata barni ba, yau dai Allah yasa sun yi barci da wuri shine nace bari in zauna.

Maigidana soja ne a rundunar sojan ƙasa ta Amurka, yaranmu biyu, babbar shekararta 7 ƙaninta kuma 5. Bana muka yanke shawara zan riƙa koyar dasu a gida da kaina, kuma tunda maganar ta fita wayata bata huta ba. Surukata ta kira tace min "ke yanzu kin fi malaman ne?" Nace Hajiya wallahi ban fi su ba, Allah ya huci zuciyarki. Yayata kuma cewa tayi zan mayar da yaran kamar kajin gidan gona basu san kowa ba. Toh shiyasa nace bari in faɗi nawa a fili, ƙila akwai wata mai irin halin da nake ciki.

Wanda bai zauna da soja ba bazai gane me ake nufi da tiransifa ba. A nan duk shekara 2 zuwa 3 sai an ɗaga ku, kuma ba'a tambayarki ko yarinyarki na tsakiyar zango, takarda ce zata zo kawai, masu kwasar kaya su shigo da kwalaye su naɗe gidan kaf. Lissafin da ake yi shine ɗan soja kan canza makaranta sau 6 zuwa 9 kafin ya gama sakandare. Mu daga barikin Fort Bliss dake El Paso a jihar Texas aka cillo mu Fort Drum can arewacin jihar New York kusa da iyakar Kanada, daga zafin hamada sai ga dusar ƙanƙara har gwiwa.

Abinda mutane da yawa basu sani ba, Amurka bata da manhajar karatu guda ɗaya, kowace jiha da nata tsarin. Texas bata taɓa shiga tsarin Common Core ba, wato ma'aunin karatu na bai ɗaya da jihohi da yawa suka ɗauka, New York kuma ta shiga, har shekarun fara makaranta ma ba ɗaya bane a duk jihohin ƙasar. Yarinyata da take cikin na gaba-gaba a ajinsu ta zo nan aka ce hanyar da take ɗebe lissafi ba haka ake so ba, amsa daidai amma a sa mata jan biro. Malamar mutuniyar kirki ce fa, bana ganin laifinta ko kaɗan, yara sun fi ashirin a gabanta ina zata samu lokacin tawa ita kaɗai. Akwai wata yarjejeniya da aka fara a 2008 don ƴaƴan sojoji, jihohi 50 duk sun sa hannu, tana taimakawa wajen karɓar yaro da wuri da tura takardunsa da barinsa a ajin da yake, kuma gaskiya ta mana amfani. Amma yarjejeniya bata cike gibin abinda aka koyar a can ba'a koyar a nan ba.

Ba lissafin ne ya karya min zuciya ba ma. Wata rana ina gyara mata jaka na ga katin gayyata da wata ƴar ajinsu ta bata, har ranar ta wuce bata nuna min ba. Nace me yasa? Ko ɗagowa bata yi ba tana ta ɓare takardar jikin kalar zanenta, tace "Mama ai tashi zamu sake yi." Na shiga banɗaki na kunna famfo don kar taji kukana. Da daddare na faɗa wa babansu, yayi shiru ya daɗe, can yace toh ki gwada shekara ɗaya mu gani.

Kuma kar wani ya ɗauka wai cire yaro kayi ka zauna abinka. Koyarwa a gida halal ne a doka a duk jihohin, amma sharaɗin ya bambanta sosai. Da a Texas muke, wanda bai taɓa sa yaronsa a makarantar gwamnati ba ko sanarwa ba sai yayi ba, tun hukuncin kotun ƙolin jihar na 1994 ana ɗaukar gidanka a matsayin makaranta mai zaman kanta. New York kam ba wasa, sai na rubuta wa hukumar ilimi ta yankinmu takardar niyya, na tura tsarin abinda zan koyar na shekara, ripot sau 4 a shekara, awa 900 na karatu ga ƴan firamare, ƙarshen shekara kuma a auna yaron. Ni dai tsaurin nan bai dameni ba, yana hana ni lalaci. In aka tura mu Jamus kuma wani labarin ne, su ƴan ƙasar an hana su koyarwa a gida kwata-kwata, iyalan sojan Amurka ne dokar bata hau kansu ba saboda yarjejeniyar zaman sojojin.

Maganar yayata kuwa bazan ce bata da gaskiya ba, tana da ita. Dole ka tashi tsaye ka nema musu abokai, mu duk sati muna haɗuwa da wasu matan sojoji masu irin wannan tsarin, muje laburare, yaran suyi wasa har su gaji. Su ma duk ƴan tashi ne, kowa ya san zafin.

Wahalar dai a kaina take, wannan shine abinda masu yabon tsarin basa faɗa. Aikin da nake nema na haƙura dashi, albashi ɗaya ne a gidan, littattafai da kayan aiki daga aljihunmu. In an tura maigida waje wata 9 ni ce uwa ni ce uba ni ce malama ni ce hedimasta, ranar da nayi zazzaɓi makaranta ta tashi kenan. Akwai ranar da ƙaramin ya zubar da madara akan littafin yayarsa ni kuma na daka tsawar da har yau ina jin kunyarta. Wacce bata da haƙuri ko bata da mai taimaka mata, wallahi ta bar yaranta a makaranta, ba abin kunya bane.

Yanzu watanmu 5. Teburin cin abinci ne ajinmu, in babansu ya samu ya kira ta bidiyo sai ta ɗauko littafi ta karanta masa shafi biyu, yana gyangyaɗi yana cewa ci gaba ina jinki. Ban sani ba ko zamu zarce har sakandare, shekara ɗaya muka ce. Hajiya dai ta sauko kaɗan, satin da ya wuce cewa tayi in turo mata hoton rubutun jikarta ta gani da idonta, na tura, har yanzu bata ce komai ba.

Nagode Edita.

Daga wata matar soja, jihar New York, Amurka