Wasiƙa zuwa Jidda, kan maganar ɗan Yaya Babba

Kaduna

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da maiɗakinka da yara. Ya zafin Jidda, ya fama da jama'a? Mu nan hunturu ya sauko da ƙarfinsa, hazo ya rufe gari, alwalar asuba ma sai mutum ya yi ta maza.

Saƙonka ya iso tun makon jiya. Ban amsa da murya ba saboda maganar ta fi ƙarfin saƙon minti biyu, kuma a wurin aikin nan ba ma riƙe waya a gaban yara, sai dare in sun kwanta. Ka tambayi wane irin aiki ne ya raba ni da kwanan gida, sannan ko ya dace Yaya Babba ta kawo ɗanta da ya fara shan ƙwaya nan inda nake aiki, gidan gyaran yara masu shaye-shaye. Na ji yadda muryarka ta sauya da ka zo kan maganar yaron. Allah ya shirya mana shi.

Ka yi min tsiya wai ko gidan mari na koma. A'a wallahi, amma na san abin da ya sa kowa ke zaton haka. Kana ƙasar nan lokacin da 'yan sanda suka fasa wani gida a Rigasa a watan Satumba na 2019, suka fito da mutum sama da 300, manya da yara, wasu da mari a ƙafa, bayansu duk shatar bulala. Kafin Oktoba ta ƙare an fasa irinsa a Daura da cikin Katsina. Abin da ake mantawa shi ne da yawa daga cikinsu iyayensu ne suka kai su da hannunsu, har da biyan kuɗi. Ba ƙiyayya ba ce, rasa mafita ce. An rufe gidajen, amma yara ba su daina shan ƙwaya ba, iyaye kuma har gobe suna yawo da su suna neman mai karɓa. Shi ya sa irin wurinmu ba ya rasa baƙi.

Gida ne mai katanga a bayan gari, na wata ƙungiya mai zaman kanta, yara maza zalla, 'yan shekara 13 zuwa 18. Akwai shugaban gida da nas da mai ba da shawara wadda ke zama da kowane yaro shi kaɗai, ga malaman aji da masu koyar da ɗinki da kafinta da gyaran waya. Duk waɗannan da la'asar sakaliya kowa ya kama hanyar gidansa. Masu kwana mu ne: ni, da abokin aikina, da maigadi, sai Inna mai girki a sashenta. Gadona yana bakin ƙofar ɗakin kwanansu, duk mai fita bayan gida cikin dare sai ya tsallake takalmana.

Aikin rana ba shi da wani labari. Tashin asuba, shara, koko da ƙosai, aji, sana'a, ƙwallo bayan la'asar, tuwo, kwanciya. Nawa dai ido ne. In ƙirga kawuna, in ƙirga almakashin ɗinki, in kulle fetur ɗin janareta da gam ɗin kafinta, don yaron da ya saba da sholisho hancinsa ya san hanya. Kome ya faru in rubuta a littafin rahoto da lokacinsa, nas ta gani da safe.

Da dare ake aikin, musamman in an kawo sabon yaro. Yawancin waɗanda ake kawo mana yanzu tiramol ne da wiwi, sai 'yan rochi, ƙwayar nan mai sa barci. Kodin bai ɓace ba, amma ya yi wuyar samu tun da gwamnatin tarayya ta hana haɗawa da shigo da maganin tarin nan a watan Mayun 2018, bayan rahoton BBC. Tiramol ɗin da likita ke rubutawa mai miligiram 50 ne ko 100. Wanda yaran ke saya a lungu mai 225 ne, kuma ba guda ɗaya suke haɗiya ba. Ranar da aka yanke wa jiki shi, barci ya ƙaura. Hamma ba iyaka, hawaye da majina, zufa cikin wannan sanyin, gudawa, ƙafafu su ƙi zama wuri ɗaya. Wani yaro ya ce min ji yake kamar ana tauna masa ƙashi. Mai kallo daga nesa zai ce iskanci ne, alhali ciwo ne sosai, kuma a daidai wannan gaɓar ce masu mari ke ɗauko dorina. Ni abin da nake yi bai wuce in jawo tabarma kusa da gadonsa ba, in dafa masa shayi, in ba shi abin da nas ta bari a kan lokacinsa, in raka shi bayan gida ko sau nawa ne. Zagi kuwa na sha shi, har na iyaye. Akwai wanda ya rantse in ya fita sai ya sa an sare ni. Da jikinsa ya lafa, shi ne mai riga kowa ɗauko min buta.

Bari in ba ka labarin dare guda, don ka san abin da nake nufi da cewa dole wani babba ya kwana da su. Wani kawu ya kawo yaro gab da magariba. Ashe yaron ya san za a caje shi, sai ya haɗiye duk abin da ke aljihunsa tun a cikin keke Napep. Ba mu daɗe da kashe fitila ba na ji gado ya buga da bango. Na haska tocila, ga shi a ƙasa jikinsa na fizga, ido ya juye, kumfa a baki. Ɗaki ya kaure. Wannan na ihun aljanu ne, wancan ya ruga neman cokali, wani ya durƙusa zai yi masa kiran salla a kunne. Na daka musu tsawa suka ja baya, na janye akwatin ƙarfe da ke kusa da kansa, na ninke bargo na tura ƙarƙashin kan, na duba agogo. Ba a danne mai farfaɗiya, ba a cusa masa kome a baki, cokalin nan haƙori yake karyawa. Nas ta koya mana cewa in fizgar ta wuce minti 5 to abu ya ɓaci. Tasa ba ta kai ba. Da ta tsaya na juya shi ta gefe don kada yawu ya shaƙe shi, abokin aikina ya kira nas da direba, muka wuce asibiti. Tiramol in ya yi yawa haka yake kayar da mutum, ko bai taɓa farfaɗiya ba a rayuwarsa. Da aka sallamo shi bai tuna kome ba. Abin da ya dame shi ɗaya ne: ya ji cewa fitsari ya kufce masa a gaban yara. Wandon dai tun kafin asuba na wanke na shanya a bayan kicin, kuma na tara 'yan ɗakin na ce duk wanda ya ɗaga maganar ni da shi ne. Har ya bar gidan ban ji wanda ya tsokane shi ba.

Ranar ziyara ta fi min kowace rana nauyi. Muna buɗe duk abin da aka kawo, don mun sha tsintar ƙwaya a cikin garin kwaki, da tsakiyar burodi, da ɗinkin ƙugun wando. Galibi ba iyaye ba ne, aboki ne ko ƙane da aka aika. Wannan mai sauƙi ne. Mai wuyar shi ne uban da zai ja ni gefe ya ce, "Malam, ka dake shi, na yafe maka." In na ce ba ma duka a nan, sai ya dube ni da idon wanda ya yi asarar kuɗinsa. Nakan ce masa jihar nan tana da dokar kare yara tun 2018, amma gaskiyar da ke raina ba ta doka ba ce. Ni nake ganin bayan yaran nan in za su yi wanka. An riga an dake su a gida, dukan da ya isa, da bulala na magani da ba su zo hannunmu ba.

Akwai wani da ya yi kwanaki yana ɗinka wa ƙanensa 'yar riga don ranar ziyara. Uban ya zo, ya ƙi zama, ya tsaya ya karanto masa duk abin da ya taɓa sata a gidan, ya juya. Rigar ko kallonta bai yi ba. Cikin dare na duba gado ba kowa. Na same shi a gindin katanga ya jingina benci, ƙafa ɗaya a kai. Katangarmu yaro mai ƙarfi zai iya haurawa, kowa ya sani. Ban kira maigadi ba. Na zauna a ɗaya gefen bencin na ce in zai tafi ya bari gari ya waye, hanyar ba ta da kyau da dare. Muka yi ta zama sanyi na dukanmu, har ya gaji ya ce zai je ya kwanta. Ba kullum ake dacewa haka ba, akwai wanda ya haura sai a tashar Kawo aka gan shi.

Wani abu da zai ba ka mamaki. Ka san yadda garin nan ya rabu tun rikicin 2000 da na 2002, kogi ya zama iyaka, kowa ya koma cikin nasa. To a ɗakina ɗan Rigasa ne a gadon sama, ɗan Sabon Tasha a na ƙasa. Juma'a mu yi sallarmu, Lahadi fasto ya zo wa nasa. Faɗansu kan sabulu ne, da wanda ya sha wa wani suga, da Arsenal da Chelsea.

Tsoro kuma akwai shi, ba zan ɓoye maka ba. Tun da aka kwashe ɗalibai 39 a kwalejin gandun daji ta Afaka a watan Maris na 2021, aka sake ɗiban sama da 100 a makarantar Bethel Baptist a watan Yuli, ga na Kuriga a 2024, duk mai kwana da 'ya'yan mutane a bayan gari da kunne ɗaya yake barci. Kare ya yi haushi sai na tashi zaune. Gida kuwa sai ƙarshen mako in abokin aikina ya karɓe ni. Maman yara tana haƙuri, amma ta faɗa min ba sau ɗaya ba cewa ina renon na wasu na bar mata nawa, kuma ban da amsar da zan ba ta. Albashin ya ɗan ɗara mafi ƙarancin nan na naira 70,000 da aka sa wa hannu a 2024, sai dai ci da kwana kyauta ne.

Yanzu maganar yaronmu. Ka ce wa Yaya ta daina ɓoye-ɓoye tana cin kanta da kunya. Binciken da Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi da hukumar ƙididdiga ta ƙasa a 2018 ya gano mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 da ke ta'ammali da miyagun ƙwayoyi a Najeriya, ba a gidanta aka fara ba. Amma a yadda ka kwatanta min, yana zuwa makaranta, yana kwana a gida, ni ban ga ya kai a raba shi da uwarsa ba tukuna. A fara kai shi asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa likita ya gan shi. Na san za ta ce ɗanta ba mahaukaci ba ne. Ba sai mahaukaci ke zuwa can ba, kuma yara da yawa wata damuwa ce a ƙasa, ƙwayar rufi ce kawai. Tun mutuwar babansa wa ya zauna ya tambaye shi abin da ke ransa?

In likita ya ce sai an ajiye shi, to ko wurinmu ne ko wani, ta je ba tare da sanarwa ba. Ta ce a nuna mata ɗakin kwana da bayan gida, ta tambayi wa ke kwana da yaran, ta saci kallon idon sawunsu. Duk inda aka ce iyaye ba sa wuce ofis, ta ɗauki jakarta. Kuma don Allah kada a yaudare shi da cewa biki za a je. Waɗanda aka kawo da ƙarya su suka fi ba mu wuya, don sun daina yarda da kowane babba.

Kai ma da naka. Kuɗin da kake turo masa a waya ka tsayar. In taimako za ka yi, ka biya kuɗin makaranta kai tsaye, ko ka biya ubangidan da zai koya masa sana'a. Mun sha sallamar yaro ya yi ƙiba ya yi haske, ya koma majalisar da ya bari, abokan na nan, mai shagon na nan, kafin wata uku a dawo mana da shi. Nan gidan ni ke bakin ƙofa, a can fa? Ku zauna da ƙannen babansa ku fitar da mutum ɗaya da zai riƙa sanin inda yake bayan isha'i.

Ranar Asabar in Allah ya kai mu ina da hutu, zan biya ta gidan Yaya in gaishe ta, in ga yaron da idona ba tare da ya san dalilin zuwana ba. Abin da na gani zan faɗa maka. In ka sami mai tahowa ka aiko min da tocila mai caji, tawa ta fara mutuwa tun kafin tsakar dare, da ɗan dabino don yaran.

Ka gaida maiɗakinka da yara, da duk mutanenmu na can. In ka shiga Harami ka sa mu a addu'a, mu da 'yan ɗakina.

Wassalam,
Amininka na Tudun Wada